Kilamidiya, Ciwon Sanyi Mai Ɓoye Kansa

 Darasinmu na kiwon lafiya a wannan karo a kan ciwon sanyi yake. Mun sani magana ce mai nauyi, ba a yin ta gaban suruki. Amma ciwon yana cikin garuruwanmu, kuma ya fi kama matasa: samari, da ƴanmata, da amare sabbin aure. Don haka za mu faɗe ta da ladabi, ba tare da mun rage komai ba.

Malamin aji, in ka ga kunya za ta hana mutane tambaya, ka raba ajin. Maza su karanta a nasu lokacin, mata a nasu. In da hali, a gayyaci ungozomar likita ta zauna da mata.

Sanyi ba iri ɗaya ba ne

A bakin mutanenmu, duk abin da ya taɓa mara ko fitsari sanyi ne. A wurin ma'aikatan lafiya ba haka ba ne. Cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciyar namiji da mace suna da yawa, kowace da tata ƙwayar cuta, kowace da nata magani. Akwai huɗu da suka fi yawa cikin waɗanda ake warkewa sarai. Akwai gonoriya, wadda ke sa namiji fitar da mugunya da zafin fitsari mai tsanani. Akwai tunjere, mai farawa da ɗan gyambo marar zafi. Akwai tirikomonas, mai sa mace ƙaiƙayi da ruwa mai wari. Ta huɗu ita ce ta darasinmu. Sunanta baƙo ne, mu karanta shi gaɓa-gaɓa: ki-la-mi-di-ya.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi lissafin shekarar 2020. Ta ce a shekarar nan kaɗai an kamu da waɗannan cututtuka huɗu sau miliyan 374 a duniya, tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Wato fiye da miliyan ɗaya kowace rana. A cikinsu, kilamidiya ta ɗauki wajen miliyan 129. Ba ciwon wata ƙabila ba ne, ba na talaka kaɗai ba ne. Yana Faransa, yana Amurka, yana nan.

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ba ta iya rayuwa a ƙasa ko a ruwa, sai cikin jikin mutum. A shekarar 1907 wasu masana biyu daga Turai suka fara ganin alamarta da madubin likita, a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya. Ba sanyi suke bincike ba, ciwon ido suke bincike. A shekarar 1957 wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, ya iya renon ƙwayar cikin ƙwan kaza, aka san ta sosai.

Ciwon idon nan kun san shi, shi ne amodari, mai juya gashin ido ciki har ya makantar da mutum. Ƙwayar amodari da ƙwayar wannan sanyi dangi ɗaya ne, amma hanyarsu dabam. Ta amodari ƙuda da hannu mai dauɗa da tsumma ke kai ta daga ido zuwa ido. Mai amodari ba mai sanyi ba ne, kada a haɗa su. Maƙwabtanmu na Benin sun ci ƙarfin amodari, OMS ta shaida haka a shekarar 2023.

Yadda ake ɗaukarta

Hanya biyu ce. Ta farko, saduwa da mai ɗauke da ƙwayar, ko da sau ɗaya ne. Ta biyu, daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Wasu na cewa a salga ake ɗaukar sanyi. Wasu na cewa zama kan dutse mai zafi, ko tsallake fitsarin dabba, ko sammu. Kilamidiya ba ta bin ko ɗaya cikin waɗannan. Ba a ɗaukarta a buta, ko ƙwaryar fura, ko gaisuwa da hannu. Sauro ba ya kai ta. Mun san abin da ya sa maganar salga ta yi daɗin faɗa: tana rufa wa kowa asiri. Amma wanda ya yarda a salga ya ɗauka ba zai kai matarsa likita ba, ciwon kuwa sai ya zauna cikin gida.

Me ya sa muke wannan magana a Gaya?

Gaya mararraba ce. Ga Malanvil a ƙetaren kogi, ga Kamba ta jihar Kabi a gabas, ga babbar hanya da ta taso daga Kwatano ta bi ta Dosso zuwa Yamai. Tun da aka gina gadar kogi a 1958, manyan motoci ke kwana a garin nan. Ko a 2023, da aka rufe iyakar Benin, mutane ba su bar ƙetarewa ba, jiragen ruwa suka koma. Samarinmu na Tanda, da Bana, da Bengu, da Tunuga, da Yelu suna tafiya cin rani bayan girbi, wata uku, wata biyar, su komo gida da damina. Akwai masunta, da direbobi, da yaran mota, da ƴan kabu-kabu, da ƴanmata masu talla a tasha.

Ba muna cewa baƙo ne ke kawo cuta ba. Wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba yana iya kamuwa. Abin da muke cewa shi ne, inda mutane ke yawan rabuwa da iyalinsu, can irin wannan ciwo ke samun hanya.

In aka ce matasa, kada hankalinku ya tafi ga marasa aure kaɗai. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, wajen 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ashe yawancin ƴanmatan da wannan darasi ya shafa suna ɗakin mazansu. Kuma jikin yarinya ya fi na babbar mace saurin kamuwa, domin fatar bakin mahaifarta ba ta gama ƙwari ba. Yarinya mai shekara 16 da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa a makon farko na aurenta.

Alamomi, in sun fito

Nan ne muguntar wannan ciwo take. Gonoriya tana tashin namiji tsaye cikin kwana kaɗan, ya nemi magani dole. Kilamidiya shiru take yi. Cikin mata 10 masu ɗauke da ita, wajen 7 ba su jin komai. Cikin maza 10, wajen 5 ba su jin komai. Suna noma, suna daka, suna cin kasuwa, ƙwayar tana ciki wata da watanni, suna ba wasu ba su sani ba.

In alama za ta fito, takan fito mako 1 zuwa mako 3 bayan an ɗauka. Namiji yakan ji zafi ko ƙaiƙayi wurin fitsari. Yakan ga ɗan ruwa fari ko tsararo a bakin gabansa, ya fi fitowa da safe. Wani lokaci marena ɗaya ta kumbura tana ciwo. Mace takan ga ruwan da ba ta saba gani ba, ko zafin fitsari, ko ciwon mara, ko zafi lokacin saduwa. Takan ga jini bayan saduwa, ko jini a tsakanin al'ada da al'ada.

Sau da yawa alamar takan yi kwana kaɗan ta ɓace. Mutum ya ce ya warke. Ɓacewar alama ba shaidar warkewa ba ce.

Ɓarnar da take yi wa mace

Mu tsaya nan da kyau, domin wannan shi ne dalilin darasin.

Mahaifar mace tana da hanyoyi biyu sirara, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta cikinsu ƙwan haihuwa ke gangarowa kowane wata, a cikinsu yake gamuwa da maniyyin namiji, sannan ya sauka mahaifa ya zama ciki. Ku masu noman shinkafa a bakin kogi kun san ƙaramar hanyar ruwa da ke kai ruwa fage. In laka ta toshe ta, ko kogi ya cika ya batse, fagen nan ba ya samun ruwa. Haka hanyoyin nan suke.

In ba a yi magani ba, ƙwayar takan hau daga bakin mahaifa ta shiga hanyoyin nan. Su kumbura. Wata macen takan kwanta da zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani. Wata ba ta jin komai sai ɗan nauyi a mara. Cikin mata 100 da ba su samu magani ba, 10 zuwa 15 ke kaiwa ga wannan kumburi. In kumburin ya lafa yakan bar tabo, tabon ya ƙuntata hanyar ko ya toshe ta. Kowane sabon kamu yana ƙara tabo a kan tabo.

In hanyoyin biyu suka toshe, mace ba ta ɗaukar ciki. In hanyar ta ƙuntata kawai, ciki yana iya tsayawa cikinta, bai kai mahaifa ba. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa. Hanyar ba ta da faɗin ɗaukar ɗa, sai ta fashe, jini ya zuba cikin ciki inda ba a gani. Macen da ta yi ɓatan wata, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri, ko ta suma, a ɗauke ta nan take zuwa babbar likitar Gaya. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran mai gida ya komo daga kasuwa. Aiki ake yi mata, kuma awa ɗaya tana da muhimmanci.

Yanzu ku dubi yadda abin ke faruwa a gidajenmu. A ce saurayi ya komo daga cin rani da ƙwayar, bai sani ba. Aka yi masa aure. Shekara ɗaya, shekara biyu, shekara uku, amarya ba ta yi ko ɓari ba. Uwar miji ta fara magana. Aka kai yarinya wurin mai magani, aka sha rubutu, aka sha saiwa, aka sayar da akuya. Daga baya aka ce juya ce. Ko a sake ta, ko a yi mata kishiya. Mijin kuwa ba wanda ya ce ya je likita, tun da lafiyarsa lau. In har ƙwayar tana jikinsa, sabuwar amarya ma ita za ta samu. Yarinyar farko ta rasa haihuwa, ta rasa ɗaki, an kuma ɗora mata laifi, alhali maganin kwana 7 da an sha da wuri ya isa ya tsare ta.

Ba kowane rashin haihuwa ne daga sanyi ba, kuma ba kullum daga mace yake ba. Amma wannan yana cikin waɗanda ake iya hanawa. Ku riƙe wannan: magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya buɗe hanyar da tabo ya riga ya toshe.

Namiji ma bai tsira ba. Kumburin marena yana iya rage masa ƙarfin haihuwa. Kuma mai kilamidiya, mace ko namiji, ya fi saurin ɗaukar ƙwayar sida in ya gamu da ita, domin fatar wurin ta riga ta yi rauni.

Kada a rikita ta da tsargiya

Mu mutanen bakin kogi muna da wani ciwo da ke kama da sanyi. Shi ne tsargiya, mai sa fitsarin jini. Tsutsa ce ke kawo ta, tana fitowa daga ƙananan dodon-koɗi na ruwa, ta huda fatar mai wanka, ko mai su, ko mai dashen shinkafa. Ba ta da alaƙa da kwanciya. Yaro ɗan shekara 8 yana yin ta.

Ga mace, tsargiya tana iya taɓa mahaifa da bakinta. Sai ta ga ruwa, da jini bayan saduwa, da ciwon mara, kamar dai mai sanyi. Wata yarinya an zarge ta da abin da ba ta yi ba saboda wannan. Maganin tsargiya dabam ne, sunansa praziquantel, kuma maganin sanyi ba ya kashe ta. Don haka in kin je likita, ki faɗa musu kina shiga kogi ko fadama. In an sha maganin sanyi daidai alamar ba ta tafi ba, a koma a duba tsargiya.

A likita: tambaya, dubawa da gwaji

Gwajin da ke gano kilamidiya sosai yana neman ƙwayar kanta. Namiji fitsari yake bayarwa, na farkon fitowa, ba na tsakiya ba. Ya daure kada ya yi fitsari awa 1 ko 2 kafin gwajin. Mace ana shafo ruwan gabanta da ɗan tsinke mai auduga, kuma tana iya yi da hannunta a bayan labule. Ba zafi, ba allura. In jiya aka sadu, gwajin yau ba lalle ya nuna ba. Ana son a jira kamar mako 2, sai fa in alama ta riga ta fito. Na'urar nan GeneXpert, wadda ake gwada majinar masu tarin fuka da ita, tana iya wannan gwaji cikin minti 90 in an sa mata kayan gwajin kilamidiya.

A Amurka shawarar hukumar lafiyarsu ita ce duk mace ƴar ƙasa da shekara 25 da ta san namiji ta yi gwajin nan kowace shekara, ko ba ta jin komai. Ingila ta fara shirin gwada matasa a 2003. A Faransa, daga watan Satumba na 2024, ɗan ƙasa da shekara 26 yana shiga ɗakin gwaji a gwada shi kyauta, ba sai da takardar lokotoro ba.

Mu a karkara ba mu kai nan ba. Gwajin yana da tsada, kuma sai manyan ɗakunan gwaji na birni. Amma wannan bai hana magani ba. A ƙananan likitoci, waɗanda ake kira CSI, ma'aikata suna bin wata hanya da OMS ta tsara don wuraren da ba na'ura. Suna tambaya, su duba, su ba da magani bisa alamar da suka gani. Namijin da ya zo da ruwa a gabansa ana ba shi maganin gonoriya da na kilamidiya gaba ɗaya, domin sukan zo tare kuma ido ba ya raba su. Shi ya sa za ka ga an yi maka allura, an kuma ba ka ƙwayoyi. Ba cin kuɗinka ake so a yi ba.

Raunin wannan hanya a fili yake. Wanda ba ya jin komai ba ya zuwa, kuma mun ce mata 7 cikin 10 ba su jin komai. To ta yaya za a kai gare su? Ta hannun mazansu. Namijin da ya ga alama, shi ne ƙararrawar gidansa. Ranar da ya ga ruwan nan, ya sani matarsa tana bukatar magani, ko da tana cewa lafiyarta lau.

In ka shiga wurin malamin likita, kada ka ce ciwon ciki ne kana jiran ya gane da kansa. Ka ce: «Malam, ina jin zafi wurin fitsari, yau kwana huɗu, kuma ina ganin ruwa da safe.» Zai tambaye ka matanka nawa, da ko akwai wata a waje. Ka faɗi gaskiya. Aikinsa ya hana shi fitar da sirrin marar lafiya. Mace tana da ikon cewa ungozoma take so ta duba ta. Kuma tun da an zo, a nemi gwajin sida da na tunjere. Su da ɗigon jinin yatsa ake yi, a samu amsa a ranar.

Magani

Kilamidiya tana warkewa sarai. Magani biyu aka fi bayarwa. Za mu rubuta sunansu yadda yake a jikin kwali, don ku iya karantawa da kanku.

Na farko doxycycline, mai miligiram 100. Ƙwaya 1 da safe, ƙwaya 1 da dare, kwana 7 cur. A sha da ruwa cike da moɗa, bayan an ci abinci, kuma kada a kwanta nan take, yana ƙona maƙogwaro. Kada a haɗa shi da fura da nono ko maganin ƙarin jini a lokaci ɗaya, suna rage masa ƙarfi. A bar awa 2 ko 3 tsakani. Yana sa rana ta fi cin fata, mai zuwa gona ya sa malfa. Mace mai ciki ba ta shan wannan. Wadda ke zaton tana da ciki ta faɗa tun kafin a rubuta mata takarda.

Na biyu azithromycine, giram 1, a shanye gaba ɗaya sau ɗaya. Shi ake ba mai ciki. In an yi amai cikin awa ɗaya bayan sha, a koma likita a faɗa. Iyaye mata na Boboye da Loga a jiharmu ta Dosso sun san sunan nan. Daga 2014 zuwa 2017 an yi babban bincike can, ana ba ƙananan yara ruwan maganin sau 2 a shekara, aka ga mutuwar yara ta ragu da wajen kashi 18 cikin 100. Magani ɗaya ne, amma awon yaro ba ya warkar da babba.

Ko wanne aka ba ka, ba saduwa har kwana 7 su cika, kuma har abokin kwanciya ya gama nasa. Zafin fitsari yakan tafi a kwana na 2 ko na 3. Nan mutane da yawa ke aje sauran ƙwayoyin, su ce sai wani karo. Wanda ya yi haka ya bar sauran ƙwayar cuta da rai.

Maganar masu tallan magani a kasuwa kuwa, mun san sun fi likita kusa, kuma ba su tambayar kowa matansa nawa. Saurayi ya ba da dala kaɗan, a ba shi kafso 2 ko 4 cikin ƙullin leda. Kafson nan ya sha rana a kan tire, ba a san ranar mutuwarsa ba, wani ma jabu ne. Ko na kirki ne, 4 ba 14 ba ne. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da alama, mutum ya koma ɗakin matarsa da ƙwayar. Kuma irin wannan shan magani rabi-rabi ne ya sa gonoriya ta gagari magunguna da dama da ke kashe ta a da. Saiwa da jiƙo ma suna iya sa fitsari ya yawaita, ba su kashe wannan ƙwaya.

Gida duka, rana ɗaya

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma wurin da magani ya fi lalacewa. In miji ya sha magani matarsa ba ta sha ba, bayan mako ɗaya za ta mayar masa. In ita ta sha shi bai sha ba, haka. A gidan mai mata biyu ko uku, ƙwayar tana bin kwana kamar yadda girki ke bi. Sai uwargida da amarya da mai gida duk sun sha a lokaci ɗaya, an kuma dakatar da kwana har mako ya cika. Duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce yana bukatar magani, ko na cikin gida ne ko na waje.

Mun san abin da ke tsorata mutane: tambayar wa ya kawo. Gwaji ba ya amsa wannan tambaya. Ƙwayar tana iya zama shiru a jiki wata da yawa, har fiye da shekara. Mai yiwuwa tun kafin auren take, ko daga auren da ya gabata. Mijin da ya ɗaga hannu a kan matarsa saboda wannan ya yi zalunci a kan abin da bai sani ba. Mai gida yana iya cewa kawai: «An duba ni a likita, an ce mu duka mu sha magani, gobe mu tafi tare.» Matar da ke tsoron faɗa wa mijinta ta gaya wa ungozoma. Ma'aikatan lafiya suna iya kiransa su yi masa bayani da bakinsu.

Wanda ya warke yana iya sake kamuwa, jiki ba ya riƙe kariya. Allurar rigakafinta kuma ba a samu ba tukuna. Saboda haka ana son a koma likita bayan wata 3, ko ba a jin komai. Abin da ke tsare mutum shi ne kame kai, da tsayawa ga abokin zama wanda shi ma ya tsaya. Wanda ya san ba zai iya ba, ko yana tafiya mai nisa, ya yi amfani da kwaroron roba, irin su Foula, tun daga farkon saduwa har ƙarshe, sabo kowane karo. Ƙwayoyin tsarin iyali da allurarsa suna hana ciki, amma ba su hana sanyi.

Mai ciki da jariri

Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta faɗa wa ungozoma duk ruwan da ba ta saba gani ba. Kilamidiya tana iya sa haihuwa ta zo kafin lokaci. Jariri kuma yana iya ɗaukarta a hanyar fitowa. Idonsa yakan kumbura ya yi ja yana kwantsa, daga kwana 5 zuwa mako 2 da haihuwa, wato wajen ranar suna. Wani yakan yi tari da saurin numfashi yana da wata 1 zuwa wata 3, sau da yawa ba zazzaɓi. Kada a ɗiga masa nono a ido, kada a sa masa kwalli. A kai shi likita. Man ido kaɗai bai isa ba, sai an ba shi na sha. Ranar nan uwa da uba su ma a ba su nasu.

Aikin aji

Malam ya rubuta kalmomin nan a allo, kowa ya kwafa a littafinsa: kilamidiya, mahaifa, gwaji, doxycycline, azithromycine. In akwai tsohon kwalin magani, a kawo a nemi inda aka rubuta miligiram da ranar mutuwar maganin.

Sannan a yi wannan lissafi. Ana shan doxycycline ƙwaya 2 kowace rana har kwana 7. Ƙwaya nawa mutum ɗaya zai sha? Mai gida yana da mata 3, ɗaya tana da ciki, ita azithromycine za a ba ta. Ƙwayar doxycycline nawa za a sayo wa gidan? In duka sun fara sha ranar Talata da safe, wace rana za su sha ƙwayar ƙarshe?